Babi na Huɗu: Kafin Ka Tattara Ka Koma Gona

Daga 2020 zuwa 2024 mazaunin birni a ƙasar Hausa bai samu sararin numfashi ba. A watan Afrilu na 2020 aka kulle Kano saboda annobar korona, kasuwanni suka rufe, magidanta suka zauna a gida suna lissafin abin da ya rage a buhu. A farkon 2023 canjin fasalin Naira ya ɓatar da takardar kuɗi, mutum yana da dubbai a banki amma mai kayan miya ba ta karɓar tiransifa. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, kwanon masara ya bi bayansa. Juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar ya jawo rufe iyaka da yanke wutar da Najeriya ke tura wa, Yamai da Maraɗi suka ɗanɗana duhu da tsada. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. A Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, a Oktoba kuma jihohin arewa da dama suka yi kwanaki babu wuta.

Duk wanda ya ratsa waɗannan shekaru da iyali a wuyansa ya gane cewa abincin ɗan birni ba a hannunsa yake ba. Tukunyarsa tana jiran albashi, albashi yana jiran banki, banki yana jiran wuta da sabis, kasuwa kuma tana jiran mai da lafiyar hanya. Shi ya sa a majalisun Kano da Kaduna da Damagaram ake yawan jin magidanci yana cewa, "Ni dai in Allah ya hore mini, gona zan koma." Ma'aikaci mai shirin ritaya yana faɗi, ɗan kasuwa yana faɗi, matashin da ya gama karatu bai samu aiki ba shi ma yana faɗi.

Niyya ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta da zuciya ɗaya. Sai dai mallakar gona kaɗai ba ta taɓa ceton kowa ba. Abin da ke riƙe gida ranar da al'amura suka rikice shi ne hatsin da aka auna aka adana, da ruwan da ba ya ƙafewa a bazara, da mutanen da suka ɗauke ka nasu. Na ƙarshen nan shi ɗan birni ya fi mantawa da shi, alhali da shi sauran biyun suke tsayuwa.

Ana ganin bidiyoyin Amurkawa a YouTube: gida shi kaɗai a tsakiyar daji, sola a kan rufi, sito cike da abincin gwangwani. Tunanin ya daɗe a can. A 1932, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, Helen da Scott Nearing suka bar New York suka koma gona a jihar Vermont, a shekarun 1970 kuma matasa masu yawa suka bi sahunsu. Da dama cikin matasan nan ba su jima ba suka dawo birni. Su kansu Nearing ɗin ba da abin da suka shuka kaɗai suka rayu ba, suna da sana'ar dafa ruwan wani itace su sayar da sukarinsa. Wannan darasin ya shafe mu. Shi kuwa gidan da ke tsakiyar daji shi kaɗai, a ƙasarmu ta yau tarko ne.

Lissafin rumbu

Kafin ka kira dillali, ɗauki biro. Hukumomin Nijar suna lissafa bukatar mutum ɗaya a kan kilo 231 na hatsi a shekara, wato buhu biyu da 'yan tiyoyi, in buhun mai tiya 40 ne, mai nauyin kilo 100. Gidan mutum 8 ke nan yana cin kusan buhu 19. Ka ƙara iri na baɗi, da zakka, da baƙi, da 'yan uwa da za su turo yaro da ƙwarya, da abin da ɓera da ƙwaro za su ɗiba, ba ka tsira ba sai da buhu 22 zuwa 25.

Gona nawa ce za ta ba da wannan? A Nijar hekta ɗaya ta gero tana ba da kimanin rabin tan. A jigawar Kano da Katsina, in ba a wadata gonar da taki ba, da ƙyar take kai tan ɗaya. Gidan mutum 8 yana bukatar kusan hekta 3 a nan, a arewacin Maraɗi kuwa hekta 5 ma sai shekara ta yi kyau. Masara a ƙasar Zariya da Funtuwa tana ninka wannan, amma ba ta yi sai da takin zamani, takin kuma da kuɗi ake sayensa a kasuwar da kake ƙoƙarin rage dogaro da ita. Wanda ya sayi fuloti biyu a bayan gari yana cewa ya yi tanadin abinci, abin da ya samu lambu ne. Lambu yana da amfani ƙwarai, amma miya yake bayarwa.

Wannan duk lissafin shekara mai albarka ne, kakanninmu kuwa ba a kanta suke gina rayuwa ba. Sun ga yunwar 1913 zuwa 1914 da aka yi wa laƙabi da Kakalaba. Iyayenmu sun ga farin 1972 zuwa 1974 da ya ƙarar da dabbobi daga Senegal har Chadi, da na 1984 wanda a Nijar har yau ake kira El Buhari, saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. Tsarin gandu ya ginu ne a kan wannan sani. Bayan kaka mai gida yakan rufe babban rumbu, rumbun tsimi, ya liƙe bakinsa da laka. Samari su tafi cin rani, bakunan ci su ragu, a lallaɓa da abin da aka samu a gayauna da sana'ar hannu. Ba a fasa rumbun sai ruwa ya sauka, lokacin da masu duƙawa ke bukatar ƙarfi, hatsi kuma ya fi tsada a kasuwa. Gidan da ya isa gida yakan ajiye hatsin bara har na bana ya shigo, wani ma har da na bara waccan.

Hatsin nan kuma a zangarniyarsa ake zuba shi, dami-dami, ba a sussuke ba, domin a haka ya fi jure wa ƙwari da daɗewa. Ita ce shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bai wa mutanen Masar lokacin da za su tanadi abincin shekara bakwai. Mai son komawa gona don shirin ko-ta-kwana, wannan shi ne ma'auninsa: ranar da sabon hatsi ya shigo gida, akwai sauran tsoho a rumbu?

Inda za a sauka

A da tambayar farko ita ce ko ƙasar tana da ƙarfi. Yau tambayar farko ita ce ko mutanen garin suna kwana a ɗakunansu. A sassan Zamfara, da gabashin Sakkwato, da yammacin Katsina, da Birnin Gwari, manoma sun biya 'yan bindiga haraji kafin su shuka, sun sake biya kafin su girbe. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka kashe manoman shinkafa fiye da 40 a gonakinsu kusa da Zabarmari a jihar Borno. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, wanda ke ƙauye ya rasa yadda zai kira ɗan'uwa ko ya karɓi kuɗi. Gudun hijira a ƙasarmu daga ƙauye ake yin sa zuwa birni. Wanda zai juya akalarsa ya nufi ƙauye, wajibi ne ya san inda zai sa ƙafa.

Kada ka tambayi mai sayar da gonar, shi bukatarsa ciniki ya faɗa. Je ka ranar kasuwar garin, ka zauna wurin mai shayi, ka yi salla a masallacinsu, ka saurara. An noma gonakin nesa bana, ko an bar su sun zama saura? Direbobi suna bin hanyar bayan magariba? Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti a garin suke kwana? Gonar da farashinta ya faɗi ƙasa warwas, akwai abin da masu ita suka sani.

Ka gina gidanka a cikin gari, jikin gidajen mutane, ka riƙa fita gona da safe kamar kowa. Ba banza ba kakanni suka dunƙule gidajensu wuri ɗaya, manyan garuruwa har da ganuwa. Ka zaɓi wurin da mota ke isa ko a tsakiyar watan Agusta, wanda tafiyarsa daga birninka ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ba. Ka tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012 da ta 2022, musamman in a kwarin Haɗeja ne ko gaɓar wani kogi. Fadama wurin noma ce, gida da rumbu a tudu ake kafa su. In kana da ɗaki a birni kada ka yi gaggawar sayarwa. Mai shiri na gaskiya yana da wurin zuwa biyu.

Gona da takardarta

Yawancin gonakin karkara na gado ne, rigimarsu kuma takan taso bayan shekaru, ranar da wani magaji ya dawo daga Legas ya ce ba da saninsa aka sayar ba. Kafin kuɗi ya fita daga hannunka, tabbatar an raba gadon, mata da marayu sun karɓi rabonsu, duk magada sun yarda. A zagaya iyaka da ƙafa, a gaban mai unguwa da maƙwabtan gonar na kowace kusurwa, a rubuta takarda, dagaci ya sa hannu, a kawo safiyo ya auna. Ka bincika ko gonar tana hannun wani a jingina ko aro.

A Najeriya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara. Takardar dagaci shaida ce mai ƙarfi a gari, amma kada ka tsaya a kanta, ka kai maganar sakatariya. A Nijar, bisa dokar karkara ta 1993, an kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, su ke rubuta shaidar saye da kyauta da aro.

Abu ɗaya da baƙo ke yawan takawa bai sani ba shi ne burtali. Gonar da aka faɗaɗa ta cinye hanyar shanu ko mashaya, ko ba kai ka ci ba, kai za ka gaji rigimar. Ka tambayi Ardo kamar yadda ka tambayi mai unguwa.

Ruwa

Gonar da aka nuna maka a watan Agusta, kore shar, ka koma ka gan ta a Afrilu. A lokacin ne rijiya ke faɗin gaskiya. Mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata na sha da girki da tsafta shi ne kimanin lita 20 a rana. Gidan mutum 8 jarka 8 ke nan kullum, kafin a shayar da akuya ko a yi wa zogale ban-ruwa. Saniya ɗaya a bazara tana shan fiye da jarka guda.

Ƙarƙashin ƙasa ba ɗaya ba ne. A yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina dutse ne shimfiɗe a ƙasa, ruwa yana maƙale ne a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa kai ka haƙa ka tarar da ƙura. A kwarin Sakkwato da yankin Tafkin Chadi yashi ne mai riƙe ruwa, ko da yake wani wurin sai an yi nisa. Kada a kafa injin haƙa rijiyar burtsatse sai masu na'urar auna ruwa sun duba. In za ka sa famfo mai sola, ka haɗa da tanki babba a sama, kuma ka bar wata hanyar da ba ta bukatar wuta, ko rijiyar guga ko famfon tuƙa-tuƙa. Ranar da na'ura ta lalace, mai gyara yana birni.

Rufin kwano ma rijiya ce da ake wasa da ita. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 100, a wurin da ake samun milimita 800 a damina, lita 80,000 ke zuba a kansa. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ka tara ta indararo zuwa rufaffen tanki, ka samu ruwan watanni. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, na sha kuma a tace a tafasa.

Ƙarfin ƙasa

Gonar da ake sayar wa baƙo sau da yawa gajiyayya ce. In ka ga ƙuduji ya yi fure a cikin dawa, ƙasar tana kukan yunwa. Mai neman dogaro da kai ba zai jingina da buhun taki kaɗai ba. Zai haɗa gero da wake a kunya ɗaya yadda aka gada, ya juya da gyaɗa ko waken suya, ya tara takin dabbobi da toka da shara, ya daina ƙona karan gona.

A wannan fanni manoman Maraɗi sun koyar da duniya. Tun daga 1983, tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara barin kututturan da ke tohowa a gona maimakon sare su lokacin shara. A zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Da wannan sassaben zamani aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar, ba tare da dashe ba. Sarki a cikinsu shi ne gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki, ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci. A faƙon da ruwa ba ya shiga, ramukan tassa da aka zuba wa taki suna mayar da shi gona. Marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso da irin wannan dabara ya yi suna.

Iri ma tanadi ne. Damina tana iya makara ko ta ɗauke da wuri, don haka a raba ƙafa: gero mai saurin nuna kamar SOSAT, dawa mai jure fari, wake mai yi cikin wata biyu da 'yan kwanaki irin wanda cibiyar IAR ta Samaru da IITA suka fitar. Ka nemi irin da za ka iya ɗiba daga gonarka ka sake shukawa baɗi. A gefen gida a sa zogale da kuka da rama, a bar aduwa da magarya da ɗorawa da kanya a inda Allah ya tsirar da su. A shekarun yunwa su suka riƙe rayuka.

Ajiya

Noma rabin aiki ne. Manomi da yawa yana sayar da hatsinsa da kaka a arha don biyan bashi, ya dawo ya saye shi da tsada a watan Yuli. Wani kuma yana ajiyewa, ya buɗe buhu ya tarar da gari. Dokar farko ita ce bushewa. Zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a kwalba ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Masara da gyaɗa masu danshi suna yin fumfuna mai gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta ta kuma tauye girman yara.

Wake shi ya fi wahalar ajiya, shi ya sa wasu ke zuba masa maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan irin wannan guba a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi, bai kamata ka ba 'ya'yanka ba. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne a cikin buhu ɗaya. In aka ɗaure kowace da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su shaƙe su mutu, babu magani ko ɗigo. Jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa ruf suna yin aikin. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, a riƙa cin tsoho kafin sabo. Kada kuma a tara komai a ɗaki ɗaya, domin gobara da gara ba sa sallama.

Akuya da kaza da zabo su ne asusun gidan ƙauye, ranar lalura su ake kaiwa kasuwa. Amma annobar kaji takan share gari guda da hunturu, ta awaki ma haka. Rigakafinsu ana yin sa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, ka nemi malamin dabbobi tun kafin cutar ta shigo.

Lafiya, kuɗi da iyali

Haɗarin da ya fi kusa da mazaunin ƙauye ba ya fitowa a labarai. Naƙuda ce da ta zo da gardama da tsakar dare, ko zazzaɓin cizon sauro da ya sa yaro jijjiga, ko saran kububuwa lokacin girbi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da maganin saran maciji saboda yawan manoman da ake kai masa. Tun kafin ka tare, ka san asibiti mafi kusa da ake tiyatar haihuwa da ƙarin jini, da inda ake samun allurar maciji, da wanda zai tashi ya ɗauke ku a mota ƙarfe biyun dare. Gidan sauro, da takalmin roba, da tocila, da gishirin zawo kada su yanke a gidan. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ajiye maganin wata biyu.

Gona ba ta biyan albashi duk wata, magani da makaranta da sabulu kuwa kuɗi suke ci. Manomin ƙauye bai taɓa zama manomi kawai ba. Da rani maƙeri ne, ko mahauci, ko tela, ko mai fatauci. Kada ka ajiye aikinka ko sana'arka sai gonar ta nuna abin da za ta iya.

Shawarar nan kuma ba ta mai gida kaɗai ba ce. Nauyin ƙauye, ɗiban ruwa da surfe da hura itace, a kan mata yake sauka. Uwargidan da aka kwaso ba da son ranta ba, da yaran da aka raba da makaranta mai kyau, su za su fara biyan kuɗin burinka. A zauna da su tun farko, a je a gani tare.

Mutane

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Noman hekta 3 ya fi ƙarfin ɗan birni da 'ya'yansa. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa yana neman shanun huɗa da 'yan ƙwadago a lokaci ɗaya, mai garma kuwa wanda ya sani yake fara yi wa. Wanda zai gaya maka cewa wannan ruwan na yaudara ne kada ka shuka, maƙwabci ne. Wanda zai kore awaki daga yabanyarka ranar da kake birni, maƙwabci ne. Wanda zai buga maka ƙofa ya ce an ga baƙin fuska a bakin daji, shi ne dai.

Ƙauyen Hausa ya daɗe da tsarin agajin kansa. Akwai gayya, a taru a nome gonar mutum ɗaya, gobe a koma ta wani. Akwai adashi da biki a tsakanin mata, da rancen iri, da aron jaki. Akwai zakkar hatsi, ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin na abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala, in ya kai nisabi, kimanin kilo 650. A ƙauyukan Nijar da yawa akwai bankin hatsi, a saya da kaka a ajiye, a sayar wa 'yan gari da rahusa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tsakanin manomi da makiyayi ma akwai tsohuwar yarjejeniya: bayan girbi shanu su kwana a gona su ci kara su bar taki, a yi musayar hatsi da nono.

Baƙon da ya zo ya ja dogon katanga, ya kafa tanki ya sa masa kwaɗo, yana wuce majalisa a mota gilashi a rufe, ya cire kansa daga duk wannan. Ya kuma sanar da kowa cewa akwai abin ɗauka a gidansa. Rumbu cike a tsakiyar gari mai yunwa ba ya tsare kansa. Abin da ke tsare shi shi ne mutanen da suka san cewa in ya tsira su ma za su ci.

Don haka ka shiga garin da ƙafar dama. Ka fara da gaisuwa wurin mai gari da liman. Ka je jana'iza da suna ko ba a aiko maka ba. In ka haƙa rijiya, ka fito da famfo ɗaya waje. Zakkarka ka fitar da ita a garin da aka noma hatsin. Ka biya 'yan ƙwadago kafin guminsu ya bushe. Ilminka na boko, ko cike takarda ne, ko karanta umarnin magani, ko koyar da yara lissafi da yamma, ka sa shi a hidimar gari. A gona kuwa ka zama ɗalibi, domin tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya yi damina hamsin a kan wannan ƙasar. Wanda ke da garin asali, inda ake kiran sunan kakansa, ya fara duba can kafin ko'ina, domin rabin wannan aikin an riga an yi masa.

A bi a hankali

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai rikici ya ɓarke sannan ya nufi ƙauye, ɗan gudun hijira ne, ko da takardar gona a aljihunsa. Tun yau, kana birni, fara da abin da ke hannunka: hatsin wata uku da aka saya da kaka, ruwan kwana bakwai, ɗan tsabar kuɗi a gida. Daminar farko ka karɓi haya ko aron hekta ɗaya a garin da kake so, ka noma tare da ɗan gari, ka rubuta duk abin da ka kashe da abin da ka girba. In lissafi ya fita, mutanen kuma sun kwanta maka, ka saya, ka fara da ruwa da itatuwa kafin ginin gida. Sai iyali su fara zuwa hutu, su yi damina, su yi bazara. Tarewa ita ce ta ƙarshe, wani ma zai ga ya fi masa alheri ya ci gaba da zama a birni, gonar da rumbun suna ƙauye a hannun amintacce.

Za ka san ka shirya ranar da ka ci shekara da hatsin gonarka har ya yi saura, rijiyarka ta ratsa bazara ba ta ƙafe ba, aka kuma yi gayya a garin aka aiko a kira ka. A babi na gaba za mu shiga noman rani, wanda shi ne ke cike giɓin watanni bakwai da sama ba ta zubar da ruwa.